A Gaida Su Shi

Gwammaja, Kano
Farkon watan Takutaha, watan Mauludi

Zuwa ga yayar su Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi da rashin wuta.

Takardarki ta shigo wayata ranar Asabar. Da kaina na karanta ta, ban nemi kowa ba. Na daɗe a kanta, domin rubutunki ƙanana ne kamar tururuwa, sai na buɗe hoton da yatsa biyu. Ki ci gaba da rubutowa a takarda kina ɗaukar hoto yadda muka saba. Kin san ni da waya. In na ji muryarki sai magana ta maƙale min, ke 'yar fari ce, ban saba ba, ga shi gidan nan kunnen kowa a tsaye yake. A takarda kuwa ina iya faɗin abin da ke raina. Abin da ya kai ni makarantar manya da furfurata ke nan, ba neman aiki ba.

Na ji daɗi da kika ce kusan kullum da yamma maigidanki yana kai ki wajen su Shi in ya taso daga kasuwa. Da ma abin da ke damuna ke nan, zamanki ke kaɗai a saman bene tun safe, ba dangi ba maƙwabciya. Su waye su Shi ɗin? Na ji sunan irin na 'yan ƙasar ne. Yana da mata? Musulmi ne? Ko da ba Musulmi ba ne, mutumin da ke buɗe wa baƙo ƙofa kullum bai gaji ba ɗan halak ne. Amma kada ki riƙa zuwa musu hannu rabbana. Alhaji Tankari zai taso jibi sarin kaya, na ba shi kilishi da dakakken yaji da turaren wuta. Kilishin na su Shi ne, ba naku ba. Ki gaya wa maigidan naki haka, na san shi da kilishi.

Sai gyara ɗaya. Kin rubuta sushi a haɗe. Malama Fasuma ta koya mana cewa su daban, suna daban, kuma sunan mutum da babban baƙi ake fara shi. Ke da kika yi jami'a bai kamata ki manta ba.

Ki gaida maigidanki. Ki gaida su Shi da kyau.

Mahaifiyarki,
Rabi

*

Guangzhou

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida su Ikram da duk mutanen gida. Saƙo ya iso, Allah ya ƙara girma.

Umma, ki yafe min, na yi dariya har sai da na zauna a ƙasa. Maigidan, Yaya Saifullahi, ya shigo ya tarar da ni ina hawaye, ya ɗauka rasuwa aka yi a gida.

Sushi ba mutum ba ne, abinci ne. Ba ma na 'yan China ba ne, na mutanen Japan ne, amma nan ana sayar da shi ko'ina. Shinkafa ce mai ɗan tsami, a dunƙula ta kamar lomar tuwo a ɗora mata yankan kifi. Wani kuma a naɗe shi da wani baƙin ganye na cikin teku. Inda muke zuwa yana ƙasan wani babban kanti kusa da tashar jirgin ƙasa, ba nisa da inda Yaya yake haɗa wa mutane kayansu na takalma. Mutum zai zauna, ƙananan faranti suna ta wucewa ta gabansa a kan bel, wanda ya yi masa ya miƙa hannu ya ɗauka. Yaya ba ya ci, wai tuwo ne ba miya. Shayi kawai yake sha yana kallona. Ranar farko sai da ya tsare laoban ɗin wurin, wato mai shagon, da tambaya: akwai alade? Akwai giya? Mutumin yana ta cewa meyo, meyo, wato babu.

Maganar kilishi kuwa, na isar da saƙonki yadda kika ce. Yaya ya ce tunda an ce na Shi ne, kuma an nemi Shi an rasa, to a gidan nan shi ne shi. Ya cinye rabi a tsaye.

Ni ma ban san abin da ya haɗa ni da abincin nan ba. In na kwana biyu ban ci ba sai in ji komai ba ya min daɗi. Turaren wutan kuma na ba matar Alhasan, abokin aikin Yaya da ke zaune a ƙasan benenmu, kada ki ji haushi, ƙamshinsa ne yake juya min kai kwanakin nan.

Ki gaida Malama Fasuma, ki ce mata ɗalibarta ba ta yi laifi ba.

'Yarki,
Surayya

*

Gwammaja, Kano

Zuwa ga yayar su Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ga takardarki. Ki yi dariyarki, ba komai. Na kai wa Malama labari, ita ma sai da ta dafa allo. Yanzu duk ajin in na shigo sai su ce, Rabi, ya su Shi?

Amma ni ba wajen dariyar na tsaya ba. Na tsaya a ƙarshen takardar.

Ke ce tun kina ƙarama in an soya kifi a gidan nan sai ki tafi maƙwabta har warin ya fita. Ke ce kuma kika tafi da turaren wuta cikin akwati ranar da za ku tashi, kika bar atamfa biyu don ya samu wuri. Yau kifi kike nema, turare kike gudu. Ni na haifi bakwai.

Bakina ba zai iya wannan magana da ke ba, amma biro ba shi da kunya. Ban tambaye ki ba, kada ki ba ni amsa. Na san bayan cikin nan biyu da suka zube ba ki son a yi saurin faɗa, kuma kina da gaskiya. Ba wanda zai ji daga gare ni.

Ga abin da na sani. Uwata ta gaya min, ita ma tata ta gaya mata, mai juna biyu ba a hana ta abin da ranta yake so. Ba ita ke nema ba, na cikin ne. In an hana, sai abin ya fito a jikin yaro. Kin san tabon nan na wuyan Ghali ɗan gidan Mai Itace, mai kama da yalo. Uwarsa yalo ta nema da rani aka rasa.

Saboda haka ki ci. Shinkafa da kifi ai abinci ne mai kyau. Ki gaya wa maigidanki in ji ni, ko ya gaji ya kai ki, kada ya bari ki kwana da kwaɗayi. Ki daina ɗaukar abu mai nauyi. Benen nan naku ki riƙa hawa a na'ura, ban da matakala.

Allah ya tsare. Ki gaida maigidan.

Mahaifiyarki,
Rabi

*

Gwammaja, Kano

Zuwa ga yayar su Ikram,

Assalamu alaikum. Wannan takarda ta shafe wadda na aiko makon jiya. Ki karanta ta yanzu, kada ki ajiye.

Yau na je awon jini a asibitin unguwa. Da aka gama sai na tambayi Aicha, nas ɗin nan mai duba masu ciki, ko ta san wani abinci sushi. Ban ambaci kowa ba, na ce a rediyo na ji. Ta buɗe wayarta ta nuna min. Na ga shinkafar, na ga kifin a kai, ja kamar yanzu aka yanka. Na ce soyawa ake yi ko gasawa? Ta ce Hajiya, yawancinsa ko wuta bai gani ba.

Ba ki gaya min ɗanye ba ne.

Na ce mata to in mai ciki ce fa? Ta ce ɗanyen kifi yana iya zuwa da tsutsa, yana iya zuwa da ƙwayar cuta. Mai lafiya in ya ci karo da ita ƙila gudawa ce kawai ta kwana biyu, amma mai ciki jikinta ba ya faɗa da cuta kamar da, kuma akwai irin wadda take ratsawa har wajen yaro. Ta ce manyan kifayen teku kuma suna tara wata guba a jikinsu wadda ko dafawa ba ta fitar da ita. Ta ce da yawa suna ci ba abin da ya same su, wannan gaskiya ne, amma in ƙanwarta ce ba za ta bari ba.

Ni na ce ki ci. Na janye. Maganar uwata a kan yalo ce da tsamiya da ɗanyen mangwaro, ba ta taɓa ganin wanda ya ci kifi ɗanye ba in ba mage ba. Ki daina daga yau. In akwai a gidan ki zubar.

Ki rubuto ko da layi ɗaya ne in san kin gani.

Mahaifiyarki,
Rabi

*

Gwammaja, Kano

Surayya,

Assalamu alaikum. Ga shi na rubuta sunanki. Ban taɓa ba, ko a makaranta da aka ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta daga na biyu na fara.

Takardata tana nan a wayar, alamar da ke nuna an buɗe ba ta fito ba. Na kira ki, ba ta shiga. Na kira maigidanki duk da ban saba ba, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na aika shagon Alhaji Tankari a kasuwar Kwari, suka ce ya bar garinku ya tafi wani gari duba masana'anta.

Na san wani lokaci wayoyinku na can suna toshewa. Ina gaya wa kaina haka. Ina zuwa makaranta, ina girki, ban gaya wa kowa komai ba.

Ko mene ne, a gaya min. Na fi son in sani.

Mahaifiyarki,
Rabi

*

Guangzhou
Watan Rabi'us Sani

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya da duk iyali. Ni ne Saifullahi. Ina neman afuwa da shirun da kuka ji, da kiranku da ban ɗauka ba. Ban san abin da zan faɗa muku ba a lokacin, shi ya sa.

Da farko, tana lafiya. Abin da take ɗauke da shi ma yana lafiya. Wata huɗu ne. Mun ji bugun zuciyarsa da kunnenmu.

Ga yadda aka yi. Ranar Laraba waccan ta tashi da zazzaɓi da amai da ciwon mara. Saboda abin da ya faru a baya ban tsaya shawara ba, na bar lodin kwantena a hannun Alhasan na kai ta asibiti. Suka kwantar da ita, suka sa mata ruwa, suka ɗebi jini. Yarena na kasuwa ne, bai wuce nawa ne da rage min ba, don haka na kira wata baiwar Allah, Ramatou, 'yar Nijar da ke karatun likita a nan, ta tsaya mana tafinta. Likitar ta tambayi abin da take ci. Da aka faɗa mata sai ta ajiye biro ta dube ni, ba ita ba.

Sun ba ta magani tun kafin sakamako ya fito. Da ya fito, cutar da suka fi tsoro ba su same ta ba. Na tambaya ko kifin ne ya jawo, likitar ta ce zai iya zama shi, zai iya zama wani abu, ba za ta rantse ba. An sallame mu shekaranjiya.

Za ku so ku san wannan, don haka ba zan ɓoye ba. Takardarku ta farko, wadda kuka ce in kai ta, ta same mu, kuma na kai ta a ranar. Ta biyun ta shigo muna asibiti, sai jiya ta buɗe. Amma Umma, da ma muna zuwa tun kafin ku rubuto. Ni ne nake zaune kusa da farantin kullum. Na tambayi alade, na tambayi giya, ban taɓa tambayar wuta ba.

Likitar ta ce kada ta yi doguwar tafiya a jirgi, don haka a nan za ta haihu in Allah ya kai mu. Na san ba haka kuka so ba.

A sa mu a addu'a. Na gode da kilishi.

Ɗanku,
Saifullahi

*

Guangzhou

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki. Na ga takardunki duka biyu. Ta ƙarshen na karanta layin farko na kife wayar, sai da aka jima na iya ci gaba.

Ina da ciki, Umma. Ga shi na faɗa. Waɗancan biyun da suka wuce, duk ranar da na faɗa da bakina ba a rufa wata ba suke tafiya, sai na sa wa raina cewa faɗar ce. Na san ba haka ba ne, na yi karatu, amma haka na sa wa raina.

Kuma na san ɗanye ne. Da gangan ban rubuta ba. Na duba a waya tun farko, wasu suka ce haɗari ne, wasu suka ce matan Japan suna ci suna haihuwa lafiya. Na zaɓi waɗanda suka faɗi abin da nake so in ji. Da takardarki ta zo kina cewa in ci, na nuna wa Yaya kamar takardar kotu. Kada ki ɗora wa kanki. Amsar tambayar da na yi miki kika bayar, ni ce na rage tambayar.

Yanzu ga dokar likita. Ba ɗanyen kifi, ba ɗanyen ƙwai, ba naman da bai dahu ba. Manyan kifayen nan ko dafaffu ne in bar su. Amma ta ce ba a hana ni sushi gaba ɗaya ba, akwai na dafaffen jatan lande, da na soyayyen ƙwai, da na kokwamba, muddin wurin mai tsabta ne kuma ba a haɗa wuƙa da ɗanyen ba. Ramatou ta rubuta min haka da rubutunsu a 'yar takarda, ina miƙa wa mai shagon. Ranar farko ya karanta, ya dubi cikina, ya fita da kansa ya kawo min ruwan ɗumi. Su nan mai ciki ba ta shan ruwan sanyi. Kowa da nasa.

Ina cin dafaffen. Ba ɗaya ba ne. Ina zaune jan kifin yana wucewa ta gabana a kan bel, ya zagaya ya dawo, ni kuwa hannuna yana kan cinya. Yaya ya ce mu daina zuwa, na ce a'a, ko kallo ne a bar ni.

To ga tambaya, tunda ke kika tayar da maganar Ghali. In ya fito da tabo mai kamar kifi fa? Ke za ki yi masa bayani.

Mun rasa yadda za mu riƙa kiransa ba tare da mun kira shi ba, sai Yaya ya ce ai Umma ta riga ta raɗa masa suna. Yanzu in ya dawo daga kasuwa sai ya ce, ya Shi? Jiya Shi ya motsa.

'Yarki,
Surayya

*

Gwammaja, Kano
Watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga yayar su Ikram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, takardunki suna isowa, ina karantawa. Na ga hoton da aka ɗauka na cikin. Na juya shi ta kowane gefe ban gane komai ba, amma na ajiye.

Kin sake tambayata maganar tabo, kin ce waccan karon na tsallake ta. Ban tsallake ba, tunani nake yi. Ghali yana nan da yalonsa a wuya, ya yi aure, yana da shagon walda, 'ya'yansa uku. Tabo bai hana shi komai ba. In Shi ya zo da kifi a goshi ma muna so. Ki bar hannunki a kan cinya.

Ban ce uwata ta yi ƙarya ba. Ban ce likitarku ta yi ƙarya ba. Ɗaya tana tsoron tabo, ɗaya tana tsoron abin da ya fi tabo. Ba sai an kai ni makaranta ba kafin in san wanda zan bi.

Tsamiyar da na aiko kin ce ba ta yi miki ba, ba irin tsamin kike so ba. To ki ba matar Alhasan. Wannan karon Alhaji Tankari yana tafe da garin kunu da kanwa da zannuwa na goyo. Tunda ba za ki zo gida wanka ba, na rubuta wa matar Alhasan yadda ake yi a takarda daban. Ki nuna wa likitar tukuna, abin da ta ce a bari a bari. Na koyi tambaya kafin in ce a yi.

Na tambayi Alhaji yadda ake cewa dafaffe da yarensu, ya ce shekararsa goma yana zuwa bai taɓa buƙata ba, shi dai ya san meyo. To ko takardar Ramatou ta ɓata, ki ce musu ɗanye meyo.

Ki gaida maigidanki, ki ce na ga takardarsa tun tuni, kuma ya rubuta da kyau. Ki gaida Ramatou. Ki gaida Shi.

Mahaifiyarki,
Rabi

*

Guangzhou
Watan Azumi

Umma,

Assalamu alaikum. Na sauka jiya da hantsi, lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Mun duba ko'ina, har tafin ƙafa da bayan kunne. Ba kifi.

Sai dai Umma, ba Shi ba ne, ita ce. Yaya ya yi mata huɗuba da sunanki.

'Yarki,
Surayya

*

Gwammaja, Kano

Surayya,

Wa alaikumus salam. Na gani. Alhamdu lillahi. Allah ya raya, Allah ya ba ki lafiya. Ki sha kunu da zafinsa. Kifin nan kada ki koma masa sai kin tambayi likitar, ni ma zan tambayi Aicha.

Sai gyara ɗaya. Ita ɗin, da babban baƙi ake fara ta.

Ki gaishe min da Ita.

Mahaifiyarki,
Rabi